Wane aiki hatimai masu rubutu suka yi a fadojin Karita ta dā?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske a kan wani al'amari da ya shafi mutanen Minowa, wato al'ummar da ta gina manyan fadoji a tsibirin Karita na ƙasar Girka, irin su Knossos da Phaistos da Malia, tun wajen shekara ta 1900 kafin Miladiyya. Duk inda aka yi maganar tsarin mulkinsu sai an ambaci hatimai, waɗannan ƙananan duwatsu da ake sassaƙa wa zane, a huda su, a rataya a wuya ko a ɗaura a wuyan hannu, sannan a danna su a kan ɗanyen yumɓu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wasu daga cikin hatiman suna ɗauke da rubutu, alhali mafi yawansu zane kawai gare su, na zaki ko bijimi ko jirgin ruwa ko layuka masu murɗewa.

A Mesofotamiya, hatimin da ake mirginawa a kan yumɓu yakan ɗauki sunan mai shi da sunan mahaifinsa, wani lokaci har da sunan abin bautarsa ko sarkin da yake yi wa hidima, kuma a Masar ma akwai hatimai masu siffar buzuzu da ke ɗauke da sunayen ma'aikata da muƙamansu. Shin haka abin yake a Karita? Rubutun da ke kan hatimi sunan mai shi ne, ko kuwa wani abu ne daban? Sannan tun da har yau ba a warware rubutun mutanen Minowa ba, da wace hujja masana suke cewa ga aikin da hatimin ya yi a ɗakin ajiya na fada? Allah ya saka da alheri.

Malamin Tarihin Dā ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta taɓa ainihin inda binciken ya faro, domin hatimai masu rubutu ne suka kai Arthur Evans, masanin tonon kayan tarihi ɗan Birtaniya, Karita a 1894, shekaru shida kafin ya fara tonon Knossos a 1900. Ya ga waɗannan duwatsu a hannun dillalai, ya lura cewa alamomin da ke kansu suna maimaituwa bisa tsari, sai ya bi sawunsu har ƙauyukan tsibirin, inda ya tarar mata masu shayarwa suna rataya su da fatan nono ya yawaita.

Abu na farko da ya kamata a tsayar shi ne, rubutu a kan hatimi al'ada ce ta wani zamani ƙayyadadde da wani yanki ƙayyadadde. Mutanen tsibirin sun daɗe suna sassaƙa hatimai da ƙashi da hauren dorina tun ƙarni da dama kafin a gina fada ko ɗaya, kuma an samu irin waɗannan da yawa a kaburburan kwarin Mesara, ba tare da rubutu ba. Rubutu mafi tsufa da aka sani a tsibirin ya bayyana ne a kan wasu 'yan hatimai na wajen shekara ta 2000 kafin Miladiyya, waɗanda aka haƙo wasunsu a maƙabartar Phourni kusa da Archanes. Alamomi biyar ne suke maimaituwa a kansu, kashi biyu, kuma idan aka aro musu sautin da aka sani daga Liniya B, wani rubutu da ya zo daga baya wanda aka iya karantawa, suna kama ƙwarai da wata kalma da ake samu a kan kayan ibada na dutse, mai sautin a-sa-sa-ra-me. Daga nan sai rubutun hoto na Karita ya bunƙasa a zamanin fadojin farko, tsakanin 1900 da 1700 kafin Miladiyya, a tsakiyar arewacin tsibirin da gabashinsa, wato Knossos da Malia da Petras. Duk abin da ya rage na wannan rubutu bai wuce guntaye ɗari uku da 'yan kai ba, kuma fiye da rabinsu hatimai ne ko bugun hatimai a kan yumɓu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda rubutun da hatimin suka kasance a haɗe.

Yanzu ga batun suna. Da a ce kowane hatimi sunan mai shi yake ɗauke da shi, da mun ga kalmomi mabambanta kusan gwargwadon yawan hatiman. Abin da aka gani akasin haka ne. Wasu 'yan jerin alamomi ne suke ta dawowa a kan hatimai masu yawa, daga garuruwa daban-daban, da hannun masassaƙa daban-daban. Wanda ya fi kowanne yawa shi ne alamomi biyu da masu bincike ke kira cokalin magini da kibiya, sai mai bi masa, cokalin magini da ido, sai kuma wani mai alamomi uku, ƙyaure da ƙafa da tsiro mai rassa uku. Waɗannan laƙabi ne kawai da aka ba su saboda kamannin zanen. Ba zai yiwu mutane masu yawa haka a ce duk sunansu ɗaya ba, balle ma a samu dutse guda yana ɗauke da biyu ko uku daga cikin jerin, kowanne a fuskarsa. Saboda haka ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne, kalmomin muƙamai ne, ko sunayen sassan hukuma, ko kuma kalmomin aiki irin na karɓa da fitarwa. Idan ana son kwatance, sun fi kusa da tambarin ofis, wanda ke nan ko an sauya ma'aikaci, fiye da sa hannun mutum.

Siffar duwatsun ma tana da abin faɗa. Akwai masu fuska uku da aka yi da dutse mai laushi, waɗanda aka gano ma'aikatar sassaƙa su a Malia, a unguwar da Faransawa masu tono suka sa wa suna Mu, har da waɗanda aka fara ba a gama ba. Irin waɗannan yawancinsu hotuna ne, rubutu kuwa jefi-jefi. Amma da masassaƙa suka koyi amfani da abin huda mai juyawa, suka iya sarrafa duwatsu masu tauri, ja da kore, sai aka samu masu fuska huɗu waɗanda kusan kullum rubutu ne a kansu, har akwai guda mai fuska takwas. Jean-Claude Poursat, wanda ya jagoranci tonon unguwar Mu, ya kawo ra'ayin cewa yawan fuskokin da ke da rubutu yana tafiya da girman matsayin mai riƙe da hatimin, ta yadda ƙaramin ma'aikaci yake da ikon buga kalma ɗaya, babba kuwa yake da ikon buga uku ko huɗu. Ni dai wannan ra'ayi ya kwanta mini, domin yana bayyana dalilin da zai sa a wahalar da kai wajen sassaƙa fuskoki da yawa a kan dutsen da tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba.

Akwai masu cewa rubutun ado ne kawai, ba don a karanta aka yi shi ba, ganin yadda masassaƙi ke juya alamomi, ya cike gurbi da ɗigo-ɗigo da ƙananan zane, wani lokaci ya saka fuskar kyanwa a tsakiya. Gaskiya ne an ƙawata shi, amma hujjoji biyu sun hana ni bin wannan magana. Na ɗaya, akan sa wata 'yar alama mai kama da gicciye a gefen da karatu ke farawa, kuma ba a nuna wa mutum mafarin abin da ba a nufin ya karanta. Na biyu, wannan jeri na cokalin magini da kibiya yana fitowa a kan sandunan yumɓu da 'yan faya-fayan lissafi da magatakarda suka rubuta da tsinke, tare da lambobi a gefensa. Kalmar da ke kan dutse ita ce ke cikin lissafin fada.

Game da hujjar da kika tambaya, ita ce wutar da ta cinye gine-ginen. Ba a gasa wannan yumɓu da gangan, shanya shi kawai ake yi, kuma da ba don gobara ba da ya koma ƙasa. A Knossos, a ƙarshen dogon lungun ɗakunan ajiya na yamma, Evans ya samu tarin irin waɗannan takardun yumɓu, cikinsu har da curi masu siffar jinjirin wata da aka naɗe a jikin igiya, an buga musu hatimi, wani lokaci fiye da ɗaya, sannan an yi rubutu da tsinke a sauran fuskokin. A Petras, kusa da garin Siteia, tonon da Metaxia Tsipopoulou ta jagoranta ya bankaɗo a 1996 da 1997 wani ɗakin lissafi da wuta ta rutsa da shi ana cikin aiki, har da curin yumɓu da aka shirya ba a kai ga amfani da su ba. Daga wurin da aka tsinci kowane abu, da abin da ke maƙwabtaka da shi, da sawun igiya ko itace da ke bayansa, ake gane aikinsa ko da ba a karanta kalma ɗaya ba.

Ma'ajin Littattafai ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, bayanin ya gamsar, sai dai ina so in ja hankalin 'yar'uwarmu ga wani gefe, kada ta ɗauka cewa hatimi mai rubutu shi ne ginshiƙin tsarin. Mafi girman shaidar da muke da ita daga zamanin fadojin farko ta fito ne daga Phaistos, a kudu, kuma kusan babu rubutu a kan hatiman can.

A 1955 Doro Levi ya tono wani ɗaki a fadar Phaistos, wanda ake kira ɗaki na 25, ya samu curin yumɓu fiye da 6,500 a ƙarƙashin daɓe, ɗauke da bugun hatimai daban-daban fiye da 300, kuma yawancin zanen layuka ne masu sarƙewa da taurari da furanni, sai dabbobi kaɗan. Da farko an zaci bakin tuluna aka toshe da su. Enrica Fiandra ce ta juya su ta duba bayansu, ta ɗauki siffar abin da yumɓun ya manne a kai, ta gano cewa mafi yawansu a kan turakun itace da maɗaurin ƙofofi da na akwatuna aka liƙa su, bayan an naɗe igiya. Yadda abin ke gudana shi ne, ma'aji ya rufe ƙofar sito ko murfin akwati, ya naɗa igiya a turke, ya shafa yumɓu a kan ƙullin, ya danna hatiminsa sau da yawa har ya rufe fuskar yumɓun. Duk wanda zai buɗe, dole ya fasa. Ba a zubar da fasasshen nan take, ajiye shi ake yi, domin idan lokacin bincike ya zo, tarin ɓaraguzan zai nuna sau nawa aka buɗe kowane ɗaki da kuma wanda ya rufe shi. Fiandra ta kwatanta wannan da abin da aka samu a Masar da Gabas ta Tsakiya, ta ga tsarin iri ɗaya ne, kuma an samu makamancinsa a Monastiraki, a kwarin Amari.

Wani abin lura kuma, wanda Judith Weingarten ta yi aiki a kansa sosai, shi ne rabon bugun bai daidaita ba. 'Yan hatimai kaɗan ne suka yi mafi yawan aikin, saura masu ɗimbin yawa kuwa sau ɗaya ko sau biyu kawai suka bayyana. Masu yawan bugun su ne ma'aikatan da ke zaune a wurin kullum, masu bugu ɗaya kuma wataƙila waɗanda suka zo karɓar kaya ne ko kawowa. Ke nan ana iya zana matakan ma'aikata na fada guda ba tare da an san sunan kowa ba.

An samu 'yan allunan yumɓu masu rubutu a wannan ɗaki, amma da Liniya A ne, wato ɗaya rubutun mutanen Minowa, mai alamomin layi-layi, tun yana sabo. Wannan ya nuna cewa a lokaci guda tsibirin yana da hanyoyi biyu: arewa da gabas suna sa rubutu a kan hatimi, kudu kuwa tana barin hatimi da zanensa, ta yi rubutu a kan allo. A ganina, abin da ya ba hatimi ƙarfi shi ne kowa a fada ya san zanen wane ne, kuma ba a iya kwaikwayonsa cikin sauƙi. Rubutu ƙari ne da wasu fadoji suka zaɓa.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina. Idan na fahimta daidai, duk abin da aka faɗa ya tsaya ne a kan rushewar fadojin farko wajen 1700. To, da aka sake gina su, kuma Liniya A ya mamaye tsibirin, an ci gaba da sassaƙa rubutu a kan hatimai? Ina tambaya ne saboda zobban zinariya da ake yawan nunawa daga wannan zamani, masu hoton tsallake bijimi da mata a wurin ibada, duk hotuna ne.

Malamin Tarihin Dā ya amsa:

Kin lura da kyau, Malama. A zamanin fadoji na biyu, daga wajen 1700 zuwa 1450 kafin Miladiyya, rubutu ya sauka daga kan dutse ya koma kan yumɓu. Liniya A yana nan a kan alluna da tuluna da kayan ibada da allurai na azurfa da zinariya, har da wani zobe na zinariya daga maƙabartar Mavro Spelio kusa da Knossos mai rubutu a murɗe kamar dodon koɗi, amma a kan hatimin aiki da ƙyar ake ganinsa. Aikin ya rabu biyu: hatimi ya nuna wane ne, tsinken magatakarda ya nuna mene ne.

Misalin da ya fi bayyana wannan shi ne ɗan faifan yumɓu mai kauri, wanda ake buga hatimi a kewayen bakinsa, a rubuta alamar kaya a fuskarsa, kamar tumaki ko tufafi ko tukwane. An fi samunsa a Khania da ke yammacin tsibirin, sai Hagia Triada da ke kusa da Phaistos. Erik Hallager, wanda ya tattara su ya nazarce su, ya nuna cewa yawan bugun da ke baki shi ne adadin kayan, ta yadda wanda ya karɓi abu huɗu daga sito zai danna hatiminsa sau huɗu, faifan ya zauna a hannun hukuma a matsayin rasit. Hikimar da ke ciki ita ce, mai karɓa ba ya bukatar iya karatu kafin ya tabbatar da abin da aka rubuta a kansa, domin da hannunsa ya ƙirga, kuma ba mai iya ƙara bugu bayan ya tafi da hatiminsa. An samu irin wannan faifai har a tsibirin Samothrace, can arewacin tekun Aegean, kuma wasu daga cikin bugun da ke can na hatimai ne masu ɗauke da tsohon jerin alamomin Archanes.

A Hagia Triada, wadda ta ƙone wajen 1450, an samu curin yumɓu fiye da dubu tare da alluna kusan 150. Yawancin curin ƙanana ne da aka rataya a bakin zare, kowanne da bugun hatimi ɗaya, kuma mafi yawansu an ƙarce musu alamar Liniya A guda ɗaya tak, daga cikin 'yan alamomi kaɗan da ke ta maimaituwa. A ganina wannan shi ne magajin aikin da fuskokin dutse mai rubutu suke yi a dā, sai dai yanzu magatakarda ne ke zaɓar kalmar a lokacin aiki, maimakon masassaƙi ya kafe ta a dutse tun farko.

Nau'in da ya fi muhimmanci shi ne curi mai shafaffen gindi. Da aka duba ƙarƙashinsu da kyau, sai aka ga sawun fata mai laushi da aka ninka ta zama ɗan ƙunshi, aka ɗaure da siririn zare. Wannan shi ne shaidar cewa suna rubutu a kan fata, kuma wataƙila wasiƙu ko takardun hukunci ne ake rufewa haka, waɗanda wutar da ta gasa yumɓun ta cinye. A Zakros da ke gabashin tsibirin, a wani gida da David Hogarth ya tono a 1901, an samu curi fiye da 500, da yawansu irin wannan, kuma sau da yawa hatimai biyu ko uku ne ke haɗuwa a kan curi ɗaya, haɗin da ke maimaituwa, kamar dai doka ta ce sai mutum biyu ko uku sun halarta kafin takarda ta inganta.

Zobban da kika ambata a nan suke shigowa. Bugun zobe ɗaya mai hoton tsallake bijimi ya bayyana a Hagia Triada da Gournia da Sklavokambos da Zakros, garuruwan da ke nesa da juna. Wani mai hoton keken doki ya bayyana a Hagia Triada da Sklavokambos, sannan a Akrotiri da ke tsibirin Thera, garin da toka ta binne a ƙalla shekaru hamsin kafin 1450. Zoben da ya yi aiki tsawon wannan lokaci ya wuce hannun mutum ɗaya, don haka na muƙami ne. Binciken yumɓun wasu daga cikin curin ya nuna tsakiyar arewacin Karita, yankin Knossos, kuma wannan ne ya sa nake ganin takardun daga can suke fitowa zuwa ga wakilai a sauran garuruwa.

Ma'ajin Littattafai ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, na yarda da kai har zuwa kan cewa zobban na muƙami ne kuma takardun sun yi tafiya, amma ina ganin a yi hattara da matakin ƙarshe. Isowar wasiƙa daga Knossos zuwa Zakros tana tabbatar da hulɗa, ba ta tabbatar da biyayya, domin sarakuna masu cin gashin kansu ma suna aika wa juna takardu a rufe, haka ma 'yan kasuwa da masu kula da wuraren ibada. Bugun waɗannan zobba ƙalilan ne idan aka gwada da ɗaruruwan bugun hatiman gida a Hagia Triada da Zakros, kuma kowane gari yana da ɗabi'arsa: Khania ta fi son faifai, Hagia Triada ta fi son curi mai rataya, Zakros ta fi son haɗa hatimai, har da nata zane-zanen halittu masu jikin mutum da kan dabba ko fukafukai, waɗanda ba a ganin irinsu da yawa a wani wuri. Hukumar da ke juya tsibiri duka daga wuri ɗaya, da ana sa ran ta daidaita waɗannan hanyoyi fiye da haka.

Akwai kuma giɓi a ɓangaren Knossos ɗin kanta. Fadar ba ta ƙone a 1450 tare da sauran ba, don haka ɗakin takardunta na wannan lokaci bai gasu ba, kuma allunan da suka cika ta daga baya na Liniya B ne, wanda Michael Ventris ya warware a 1952 ya tarar da harshen Girka ne. A wannan zamani na baya ana rubuta kalma a kan curi, wani lokaci a kan bugun hatimin kansa, irin su a-pu-do-si da ke nufin biyan abin da aka ɗora wa mutum, kuma a nan ne kaɗai muke karanta abin da magatakarda yake nufi kai tsaye. Ɗaukar wannan tsari na masu magana da Girkanci a mayar da shi baya kan Hagia Triada ko Petras yana bukatar a nuna, nau'i bayan nau'i, wane curi ne ya ci gaba da wane ne ya ɓace, kuma faifan rasit da Malam ya bayyana yana cikin waɗanda suka ɓace bayan 1450.